Ƙanena ya ce haƙƙinsa ne in haɗa masa lefe: ni ne marowaci ko shi ne ya wuce gona da iri?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana uku, na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai haska min.

Ni ne babba a gidanmu, mu tara ne, mahaifinmu ya rasu shekara shida ke nan. Ma'aikacin gwamnati ne ni a Kano. Bayan an cire fansho da haraji da na kofaretib, naira 187,000 ke shigowa hannuna. Mata ɗaya, 'ya'ya uku, gidan haya. Duk wata ina kai wa Umma 40,000 da ɗan abin da ya samu na hatsi, kuɗin makarantar ƙannena mata biyu ma a wuyana yake. Ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Ƙanena, shekararsa 29, ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, yanzu yana gyaran waya a Farm Centre. An sa masa rana bayan babbar sallah. Ranar Juma'a bayan an sauko ya same ni da takarda, wallahi a rubuce: akwati shida, atamfa 20, leshi 8, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, sarƙa. Jimla miliyan 2 da dubu 300. Ya ce shi zai iya dubu 400, ragowar kuma "Yaya ka san yadda za ka yi." Na ce ba ni da su. Sai ya ce ai da Baba yana raye shi zai yi, ni ne kuma a madadin Baba, saboda haka haƙƙinsa ne. Kalmar nan ta "haƙƙina" ita ta tsaya min a maƙoshi.

Tun ranar bai sake ɗaga wayata ba. Umma kuwa, kun san ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa balle ta zaunar da ni. Sai ta aiko ƙanwarmu ta ce a gaya wa "babban" ya duba lamarin ɗan'uwansa kada a ji kunya. To tsakani da Allah, lefen ƙane yana cikin abin da ya hau kan wa? Ko na zama marowaci ne ban sani ba?

Ummu_Sultan:
Wa alaikumus salam. Ba ka yi rowa ba Malam. Miliyan 1 da dubu 900 fa ake nema a wurinka. Ko ba ku ci ba ba ku sha ba sai ka yi wata goma da 'yan kwanaki kana tarawa. Wanda ya isa aure ya isa haɗa akwatinsa.

Zakin_Fagge:
Digiri, sana'a, lafiya ƙalau, sannan a zo da takarda kamar mai karɓar haraji. Mutuwar zuciya ce kawai, babu wani suna.

DanKwari_77:
Shekara 16 ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, irin takardar nan da kake faɗa kusan kullum sai an miƙo min ita. Yawanci ma ba angon ne ya rubuta ba, gwaggonin amarya ne ko yayyensa mata, shi dai an ɗora masa ne. Abin da ke ba ni tausayi, bayan biki da wata biyu ko uku sai ka ga wata dattijuwa ta shigo da leda, ta fito da turmi uku ko lebul ba a cire ba, ta ce a saya. Na gane kayana, ni na sayar. A karɓa da faɗuwa, kuɗin a kai wa mai shago na unguwa da ake bin ango bashin shinkafa. Da dubu 400 ɗin da ke hannunsa za a yi akwati biyu masu mutunci in an bi a hankali. Akwati shida ba aya ba ce, ba hadisi ba.

Sadiq_Auta:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ji ba, don ni ma ƙane ne kuma na san zafin abin. Yaya Abu Hanan, tambaya biyu kawai. Wa ya biya maka jami'a? Kuma lokacin naka auren wa ya haɗa lefe? Don na lura manyan yayye sukan manta cewa su sun tarar da uba da ƙarfinsa, mu kuwa mun tarar da sandarsa.

Abu_Hanan:
@Sadiq_Auta ba zan yi ƙarya ba. Baba ne ya yi min komai. Fili ya sayar a 2014 aka yi hidimar aurena, ni kujeru kawai na saya, sai kuɗin haya da na biya.

Sadiq_Auta:
To ka gani. Filin nan da yana nan da shi ma yana da rabo a ciki. Ban ce ya kyauta da ya daina ɗaga waya ba, amma a daina kiransa matacciyar zuciya. Yaro ya ga an yi wa wansa, ya zo nasa an ce ya nemi na kansa. Ko kai ne sai ka ji wani iri.

Zakin_Fagge:
Auta ke nan, dama ku ba a raba ku da "a ba ni" 😂

Malam_Na_Soro:
Bari mu raba zancen gida biyu, don ana cakuɗa haƙƙi da kyautatawa.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da yawancinmu muka karanta, ciyarwa ta wajibi tana kan mutum ga matarsa, da 'ya'yansa da ba su kai ga tsayawa da kansu ba, da iyayensa biyu idan matalauta ne. Ɗan'uwa ba ya ciki, balle baligi mai lafiya mai sana'a. Wasu mazhabobin sun faɗaɗa zuwa dangi na kusa, amma su ma ci da sutura ake nufi ga wanda ya gaza, ba akwatuna ba. Lefe kansa al'ada ce. Abin da shari'a ta ɗora shi ne sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Kuma abin da uba ya kashe wa ɗansa yana raye don buƙatar aure, ba bashi ba ne da za a biyo ɗan da shi bayan rasuwa.

Ku tuna Abdurrahman bin Auf. Ya iso Madina hannu rabbana, Sa'ad bin Rabi'i ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ba a jima ba ya yi aure da zinare nauyin ƙwallon dabino, Annabi (SAW) ya ce ya yi walima ko da akuya ɗaya ce. An yi masa tayi ma bai karɓa ba, ina ga wanda ya zo da lissafi.

Amma Malam Abu Hanan, akwai tambayar da ta fi ta lefe nauyi. An raba gadon mahaifinku? In ba a raba ba, to yaron nan yana da haƙƙi na gaske, sai dai ya kira shi da sunan da ba nasa ba, ya kuma neme shi a aljihun da ba nan yake ba.

Abu_Hanan:
Allah ya saka da alheri Malam. Ba a raba ba. Gida ɗaya ne, Umma na ciki da yara, sai gona a ƙauye da baffanmu yake nomawa, yakan aiko da buhu biyu in an yi girbi. Kowa yana jin nauyin tayar da maganar, kada a ce muna so mu tashi Umma.

Malam_Na_Soro:
Raba gado ba ya nufin a sayar da gida. A san rabon kowa a rubuta, ko da za a ci gaba da zama. Shekara shida ta yi yawa, kuma akwai marayu mata a ciki.

Hajiya_Zinariya:
Ni tawa tambayar daban ce, kuma kada ka ji haushi ƙanena. A gidanku akwai wanda ya san ainihin albashinka? Kana da mota? Sallar bara me ka kai gida? Don mutum ba ya zuwa da takardar miliyan 2 wurin wanda ya san 187 yake ɗauka. Wani abu ya gani.

Abu_Hanan:
Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Babu wanda ya sani, ko matata ba ta san adadin ba. Ina da mota, da bashin kofaretib na saya, saura wata 14 in gama biya. Sallar bara raguna biyu na saya, ɗaya gidana ɗaya gidan Umma, na ɗinka wa ƙannena mata kaya kala bibbiyu. Rabin kuɗin rance ne daga wani abokin aiki, sai watan Maulidi na gama biyansa. Ban so a ce Baba ya rasu gida ya canja.

Hajiya_Zinariya:
To ai shi ke nan, mun gano bakin zaren. Kai ka yi ta nuna musu kitse, yanzu kana mamakin sun zo da wuƙa, alhali rogo ne. Ba ina wanke yaron ba ne, amma rayuwar ƙarya ba sai mai ɗora hoto a sitatus ne kaɗai ke yin ta ba. Wanda ya ci bashi ya yi layya biyu don kada a raina shi, shi ma yana ciki. Layya sunna ce ga mai iko, ba a ce ka ranto ka yi ba. Ka shekara shida kana gina musu hoton wan da ba shi ne kai ba, yau hoton ya zo karɓar bashinsa.

Ummu_Sultan:
Kai Hajiya, wannan magana ta doke ni ni ma.

Bakano_a_Ingila:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne rayuwata. Ina Birmingham, aikin kula da tsofaffi nake, awa 12 a tsaye, wani lokacin dare. Duk wanda ke gida fam yake bugawa da canjin naira, ba wanda ya taɓa tambayata nawa nake biyan ɗaki ɗaya da nake raba banɗaki da mutum uku. Laifina ne kuma, don shekarar farko duk inda na ga gini mai kyau sai na tsaya na yi hoto. Wani ɗan ƙanen babana ya turo min hoton iPhone ya ce "wannan nake so," ko sallama babu. Da na ce ba hali, sai labari ya zaga dangi wai Turai ta canja ni. Yanzu na yanke abin da nake tura wa Hajiyarmu duk wata, na gaya wa kowa adadin, wanda ya zo da rashin lafiya ko kuɗin makaranta ina dubawa, sauran kuma haƙuri. An yi fushi na wata shida, an gaji an dawo.

Kwamared_Talaka:
Kun taru a kan yaro mai gyaran waya kuna ta wa'azin dogaro da kai. Ina waɗanda suka fi kowa ganin dole ne a ba su? Masu karɓar motocin alfarma da kuɗin talakawa, su ba matacciyar zuciya gare su ba? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga wajen 195 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuma aka kai shi 70,000 a Yulin 2024. A ce wa mutum ya zauna daidai ƙarfinsa, wane ƙarfin aka bar masa? Shekara goma baya albashin Abu Hanan zai yi lefen nan ba tare da an ji kansu ba.

Injiniya_Bash:
Kwamared duk lissafinka daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka amsa min wannan: da kaya suka ninka uku, takardar lefe ta ragu? Ƙaruwa ta yi. Lokacin auren yayata kamu ne da wuni da ɗaurin aure da kai amarya. Yanzu an ƙaro hotunan kafin aure, da dina a ɗakin taro, da mai kwalliya da ake biya kowace rana daban, da anko kala uku. Gwamnati ce ta sa mana waɗannan? Aljihu ya tsuke, buri ya faɗaɗa. In ruwa ya ja baya ai tsaki ake ragewa, mu kuwa ƙarawa muke.

Kwamared_Talaka:
Na yarda da rabi. Amma talaka ba shi ya ƙirƙiro dina ba, daga sama ya gano.

MamanIlham:
Maza kuna ta kukan lefe kamar ku kaɗai ake yanka. Ku tambayi uban amarya. Gado, katifa, kujeru, labule, kayan kicin tun daga tukunya har firji, sannan gara: buhun shinkafa, mai, taliya, alkaki, nakiya, dubulan. Mahaifina malamin firamare ne, shekara 35 yana koyarwa. Kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a ɗakin ƙanwata suka ƙare, don dangin miji sun kawo akwati takwas, iyayenmu mata suka ce wallahi ba za a kai ta da jeren da bai kai lefen ba. Kun ga yadda abin yake? Ku ku ci bashi ku burge mu, mu mu ci bashi mu rama. Bayan wata uku ango da uban amarya suna haɗuwa a masallaci kowa yana murmushi kowa yana ɓuya wa masu binsa. Abu Hanan, ka sa a bincika, ba mamaki uban yarinyar nan addu'a yake Allah ya sa ku kawo akwati biyu.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Wajenmu ma haka abin yake, ba bambanci sai na kuɗi, ku naira mu sefa. Ni ina ɗauko kaya daga Kano ta Jibiya in kawo Maraɗi. Mutum goma sha ɗaya ke ci a hannuna, kowa ya zo jikka biyar, jikka goma, ban hana ba. Da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, wata da watanni ban yi cinikin kirki ba. A cikin sha ɗayan nan mutum biyu kaɗai sunka zo sunka ce mini ya aka ji da wannan hali. Ɗaya ma da ya zo, ƙarshen gaisuwar sai ya ce ko akwai ɗan na shayi. Ban riƙe su a rai ba, amma na koyi ƙidaya.

Mai_Boye_Suna:
Don Allah Abu Hanan duk abin da za ka yi kada ka taɓa manhajojin bashin nan na waya. Ni sunan ɗana ne ya kai ni. An ce dole rago babba da kayan fitar suna na mai jego, na ciwo 80,000 cikin minti biyar, har ina jin daɗi. Sati biyu ya zama sama da dubu ɗari. Na makara kwana huɗu, suka tura saƙo ga duk lambar da ke wayata, da hotona, wai ni ɓarawo ne a guje ni. Surukina ya samu, limamin unguwarmu ya samu, shugabana a wurin aiki ya samu. Kunyar da na guda ta ragon suna ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda na sha ba. Naman kuwa kwana biyu ya yi ya ƙare.

Zakin_Fagge:
Innalillahi. Allah ya rufa asiri.

Shugaban_Zaure:
Jama'a muna godiya, amma a riƙa komawa kan tambayar mai tambaya. Maganar siyasa a kai ta ɗaya zauren.

Baba_Na_Gandu:
'Ya'yana ku ba tsoho dama. Shekarata 68, a ƙauye na tashi cikin ƙasar Katsina. Maganar yaron nan ta "haƙƙina" ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali, sai dai an yanke mata ƙafa ɗaya.

A da gida gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa bayan uba ya rasu, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Tun da sassafe muna gonar gandu har azahar, sai da yamma kowa ya tafi gayaunarsa ya nemi na kashewa. Shi kuma mai gida, abinci nasa ne, harajin kowa shi zai biya, fartanya da garma shi zai saya, in ka isa aure shi zai yi maka. Ni wana ne ya yi min auren fari, ban kuma gode masa kamar wanda ya yi min kyauta ba, don damina tara na yi ina bin bayansa a kunyar gona. A nan in ƙane ya ce haƙƙina ne, gaskiya ya faɗa, gumin sa yana cikin rumbun.

Yanzu gandu ya watse. Kowa da albashinsa, kowa da asusunsa a waya, ba wanda ya san na wani. Noman taren ya tafi, amma "babba shi zai yi" ya zauna daram. To ka tambayi ƙanenka cikin lumana: a shekarun nan da yake gyaran waya, ko sau ɗaya ya kawo wani abu cikin cefanen Umma ko kuɗin makarantar ƙannenku? In yana kawowa, kuna cikin gandu, ka taimaka masa iya ƙarfinka. In ba ya kawowa, to gayauna yake nomawa yana son a biya shi daga rumbu.

Injiniya_Bash:
Baba Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce maganar da na kasa haɗawa.

Sadiq_Auta:
Baba na ji, kuma na karɓa. Amma a ƙara da wannan: a gandu ƙane yana ganin rumbu da idonsa, ya san ko ya cika ko saura rabi. Mu yanzu ba ma ganin komai sai mota da raguna. Kuma abin da ke kashe mu da yayye shi ne gori. A ba ka dubu biyar a shekara ana faɗa. Wani lokacin "haƙƙina ne" ɗin nan da ƙane ke faɗa, gudun zama almajiri a gaban wansa ne, ya fi masa sauƙi ya ce nasa ne da ya ce a taimaka masa.

Ummu_Sultan:
Auta yau ka yi hankali 😄 Amma fa mai jin kunyar roƙo rage takardar yake, ba ya kashe waya.

Gwaggo_Mai_Adashi:
Ni ba doguwar magana gare ni ba. Yaron nan tun da ya fara zuwa zance ya san ranar nan za ta zo. Da ya shiga adashin dubu ɗaya kullum, shekara biyu da ya kwashi sama da dubu 700. Ina da masu sayar da ruwan leda da suka yi aure da kwasar adashi, ba su je wurin kowa da takarda ba. Kuma ku daina raina ƙaramin aure. Gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a 2023, gado da katifa da ɗan abin da ba a rasa ba, an ɗaura an tare. Akwai waɗanda na sani a ciki suna zaune lafiya har da goyo.

Kai kuma Abu Hanan, ka yanke abin da za ka iya ba tare da ka ranto ba, ka faɗa da bakinka a gaban Umma, ka ce gudummawa ce. Kada ka aika, kada ka rubuta a waya.

Zakin_Fagge:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ko sisi kada ya bayar sai ya zo ya ba da haƙuri. Yau lefe, gobe haihuwa, jibi kuɗin haya.

Hajiya_Zinariya:
A'a Zaki, ba a gyara zumunci da yunwa. Ɗan'uwansa ne, aure kuma abin alheri ne. A ba shi, amma a ba shi gaskiya tare da kuɗin.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta kowanne har sau biyu. Ga abin da ya faru.

Jiya bayan isha'i na je gida da takardar albashina ta wata uku da ta kofaretib. Na sa aka kira shi, ya zo ya zauna bakin ƙofa yana danna waya. Na karanta musu komai: haya, makaranta, bashin mota, har rancen ragunan bara. Umma ba ta ce komai ba, tana ta jan carbi, sai da na zo kan raguna ta ɗago ta ce, ba ni ta kalla ba, ƙanwarmu ta kalla, "Wa ya ce masa ina son naman bashi?" Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Na ce zan ba shi 150,000 kashi uku, gudummawa. Na yi masa tambayar Baba_Na_Gandu, ashe yakan sai wa Umma gas da katin wuta lokaci-lokaci, ni ban sani ba. Wannan ma ya sa na ɗan sauko. Shi kuma ya karɓi takardar albashin ya daɗe yana dubawa, ya ce shi ya ɗauka ina ɗaukar kamar dubu 500. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce gidan yarinyar ba za su karɓi akwati biyu ba, yayarta takwas aka kawo mata. Umma ta ce za ta tura ƙanwarta ta je ta ji daga bakin uwar yarinyar, kuma a kira Baffa a yi maganar gona. Nan muka tsaya.

Motar ma ina tunanin sayarwa in biya kofaretib in huta, amma matata ta ce a bari sai bayan biki kada a ce auren ne ya karya ni.

Hajiya_Zinariya:
"Kada a ce" ɗin nan dai bai bar gidanku ba tukuna 😅

MamanIlham:
A tura wadda ta iya magana fa, ba wadda za ta je ta ƙaro akwati ba. Kuma a samu uban, ba uwar kaɗai ba.

Malam_Na_Soro:
Maganar gona a yi ta da shaidu, a kuma fitar da tumunin Umma da rabon 'yan matan kafin kowa ya sa rai da kuɗin lefe a ciki. Kada a gyara ɓaraka ɗaya a buɗe wata.

DanKwari_77:
In an daidaita ku turo shi wurina da dubu 550 ɗin, in zaga da shi layin masu sari. Amma shi kaɗai, ban da gwaggo.

Sadiq_Auta:
Yaya Abu Hanan, yana ɗaga wayar yanzu?

Abu_Hanan:
Ya ɗaga da safe. Gaisuwa kawai muka yi, ya ce yana da kwastoma.